Ranar da Auta Ta Saki Mariƙi

Auta na juya mariƙin tukunyar askirim sai ga mai kawo musu ƙanƙara ya shigo shagon, yau ba buhu a kafaɗarsa. Ya durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, izini nake nema in turo magabatana kan maganar Auta."

"Ba ni da 'yar ba ɗan dako," in ji tsohon, ko kallonsa bai yi ba. "Ke kuma juya! In hannu ya tsaya, madarar ta lalace."

Tun tasowarta ba ta taɓa sakin mariƙin nan ba sai askirim ya kama. Ta dubi saurayin, ta dubi mahaifinta, ta janye hannunta.



"Baba," ta ce, ba tare da ta mayar da hannun ba, "askirim ɗin yana narkewa fa."