Ludayin da Aka Ware

Kai da kake cewa yaro ba shi da damuwa tunda ba shi ke cefane ba, gyara zama ka ji wannan.

A shekarar da annoba ta sa aka rufe kasuwa da makaranta, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar, 'yar fari a wurin wata mai ginin tukwane. Ka san halinmu da ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta zaman hira da shi, wai kunya. To, "ke" ne sunan yarinyar nan a bakin uwarta. Duk abin da ya dame ta ɗakin kakarta take kaiwa, su dama fura a ƙwarya ɗaya, su sha da ludayi ɗaya, suna tsokanar juna. Ranar da aka sallami 'yan makaranta ta dawo da 'yar mura, ta wuce ɗakin tsohuwa kamar kullum, suka sha furarsu. Kwana takwas tsakani tsohuwa ta cika. Ma'aikatan lafiya suka zo fuska a rufe suka ɗauki gwaji, mutum shida suka kai ta makwancinta, ko zaman makoki ba a yi ba. Bayan kwana uku aka bugo wa uban yarinyar waya, aka ce ba annobar ba ce, tsohon ciwon zuciyarta ne ya tashi. Ya gaya wa matarsa, ta yi hamdala, suka ja bakinsu suka yi shiru. Maganar mutuwa, in ji su, ba ta yara ba ce.

Yarinya kuwa ba ta ji wannan ba. Abin da take ji shi ne rediyon ubanta, safe da yamma, ana ta nanata cewa matasa kan ɗauki cutar ba su sani ba, su kai wa tsofaffi har ɗaki. Ta tuna murar, ta tuna ludayin. Ƙawayen da za ta faɗa wa suna kulle a gidajensu, wadda ta saba faɗa wa kuma tana ƙarƙashin ƙasa. Sai ta haɗiye. Ta ware kwanonta da ludayinta ta ɓoye bayan randa. Ta daina goyon ƙanwarta. Ta riƙa wanke hannu da sabulu, in ya ƙare ta koma toka, har fatar ta tsattsage tana jini. Tsoro ya hana ta ci, duk ta rame ta zama sai idanu. Uwar tana kallo, har yabonta take wa maƙwabciya ta kan katanga, wai waccan ta yi hankali, ta fi kowa kiyayewa. Abin haushi, matar nan ba ta fitar da tukunya sayarwa sai ta ƙwanƙwasa ta ji ko da tsaga, amma 'yar cikinta ba ta taɓa zaunar da ita ta ce me ke damunki ba.

Annoba ta lafa, aka buɗe gari. Ranar komawa makaranta yarinya ta kai zaure, ta hango mutane suna musabaha a ƙofar gida, numfashinta ya sarƙe, ta durƙushe tana kyarma. Aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka ba ta rubutu, babu wanda ya tambaye ta komai. Sai da damina ta yi nisa zazzaɓin sauro ya kwantar da uwar, ta ce a miƙo mata ruwa. Yarinya ta ɗebo a moɗa, ta tsaya a bakin ƙofa, ruwan na zuba a ƙafarta, ta kasa shiga.

"Ke, ba ki ji ba ne?" in ji uwar.

"Inna, ni na kashe Iya da ludayina. Ba zan kashe ki ba ke ma."

Uwar ta tashi zaune da ƙyar, ta rantse mata cewa tun kwana uku da rasuwar aka tabbatar ba annoba ba ce. Yarinya ta dube ta ta ce, "Ashe kin sani?" Wata biyar ke nan tana ɗauke da gawar kakarta a ƙirji, ga shi kalma huɗu sun isa su sauke mata. Kunnenta ya ji gaskiya, amma tsoron ya riga ya yi saiwa. Makaranta dai ba ta koma ba. Yau uwar na kiran sunanta da baki, tana dama fura ta miƙa mata, ita kuwa sai ta tashi ta zaga bayan randa ta ɗauko nata ludayin, ta juya baya ta sha ita kaɗai.

Annoba ba ta taɓa shiga gidan nan ba, amma ga abin da aka wayi gari da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.