Algaitar Gidan Barau

Barau ya karɓi makirufo, ya ja doguwar wayar ya shige cikin gida, ya bar Mudassir a zaure rungume da saksafon.

"Haƙorana sun zube, ɗana, na daina busa a gaban mutane. Ka fara, zan amsa maka daga ciki."

Gidan aure ne, ba a shiga. Mudassir ma bai saba a ce masa shigo ba. Tun ranar da ya ajiye allo ya ɗauki wannan ƙahon Turawa, gidansu na malamai a Gaya suka daina amsa sallamarsa. Ya sayar da babur ɗinsa ya zuba a faifansa na farko: kiɗan jaz da algaita a tukunya ɗaya. 'Yan birni suka ce ba za su dahu tare ba. In faifan ya faɗi, ba babur, ba dangi, ba suna. Abin da ya kawo shi Gafasa wurin tsohon mabushin ke nan.

Ya busa. Daga bayan katanga algaita ta cafe, numfashi ɗaya ba yankewa, duk lungun da ya kauce tana biye da shi. Tunda yake ba a taɓa amsa masa haka ba.

Haka suka cinye damina. In an gama, Barau ya fito yana tari, yana ba da haƙuri: tuwo zai makara, matarsa Hure ba ta ɗora ba. Ranar busa dai tuwo bai taɓa zuwa da wuri ba.

Mai haɗa sauti a Kano ya ji wani siririn kacau-kacau ƙarƙashin busar, ya ce a goge. Mudassir ya ce a bari, ya dace.

Faifai ya fito da sunan Barau, ya kuma karɓu. Barau bai ji ba, fuka ta kai shi kabari. Mudassir na can yawon wasa, bai zo ba sai da Hure ta fita takaba.

Ya yi ta'aziyya daga zaure, aka amsa daga ciki. Ya zauna a tabarmar da ya saba. Mutum ɗaya ya taɓa gane shi a duniya, shi ma ƙasa ta rufe. Ya ɗaga saksafon, ya busa mabuɗin waƙarsu, ya tsaya inda Barau kan shigo.

Daga cikin gida algaita ta cafe, numfashi ɗaya ba yankewa, awarwaro na kacau-kacau a hannun mai busar.