Ranar Tayar da Marsandi

Tun da safe na san yau motar za ta tashi.

Tsohuwar Marsandi ce da ba a samun irinta. Ɗana ya sayo gawarta daga Jamus, jirgin ruwa ya sauke ta a nan Beirut. Ranar da ta iso garejinmu ya ce, "Baba, tana tashi zan tafi Kanada." Tun daga nan muke kankare tsatsa, muna jiran kayan gyara, ni kuwa ina addu'ar su makara a hanya.

Yau ɗin, ɗana ya murɗa makulli. Bugu ɗaya inji ya kama, sumul, ko tari babu.

Ya dube ni. Na sunkuya ina ta goge hannun da ba shi da datti. Sai ya kashe motar.

"Akwai ƙara. Sai mun sake sauke injin."

"Wace ƙara, ja'iri?"

"Ka tsufa, Baba, kunnenka ya tafi. Miƙo sifana."

Kunnena ƙalau yake, babu wata ƙara. Na miƙa masa. Ban san har yaushe zai ci gaba da jin ta ba.