Bakin Alƙalamin Mijinta

Ta yi sallama a bakin ƙofa ta tsaya sai da ya amsa, sannan ta shiga ta ajiye alƙalamin a kan teburinsa.

Mai gyaran bai ɗago kai ba. Tsoho ne, dogo, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Agoguna ne rataye a bangon bayansa, kowanne da lokacin da ya tsaya a kai. Ya jawo alƙalamin da yatsu biyu, ya murɗe murfin, ya yi tsaki.

“Baiwar Allah, wa ya yi wannan aika-aika?”

“Faɗuwa ya yi,” in ji ta.

Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗan karkata gefe saboda ƙafar kujerar ɗaya da ke rawa. Ba ta ji komai a ranta ba. An daɗe rabon da ta ji wani abu. Takan tashi da safe, ta yi abin da ya kamata, rana ta faɗi, shi ke nan.

Alƙalamin irin na dā ne, baƙi mai nauyi, wanda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Bakinsa na zinariya a tsage yake gida biyu, ɓangare ɗaya ya lanƙwashe sama, ɗayan yana kallon ƙasa. Tsohon ya maƙala gilashin duba ƙananan abubuwa a idonsa, sai hannunsa da ke karkarwa tun shigowarta ya tsaya cak.

Ya zare bakin daga mazauninsa a hankali, ya jefa shi cikin ruwan ɗumi. Ruwan ya koma shuɗi. Ya laluba gefensa yana neman tsumma, ta miƙa masa.

“Na wane ne?”

“Na mijina ne.”

“To mijin nan naki sai an ja masa kunne. Wannan ba ƙusa ba ce. Ko da shi yake haƙa rami?”

Ya yi dariyar maganarsa shi kaɗai. Ta dubi bakinsa yana dariya, ta dubi maɓallin rigarsa da ya shiga ramin da ba nasa ba. Hannunta ya ɗan taso daga cinyarta, ta mayar da shi.

Ya ɗora zinariyar a kan wani guntun katako mai santsi, ya ɗauko sandar ƙarfe siririya, ya fara murza lanƙwasar daga tushe zuwa tsini. Ba ya dannawa da ƙarfi. Ya murza, ya ɗaga ya duba a hasken taga, ya sake murzawa. Yana aikin yana surutu. Ya ce mutanen yanzu ba su san hannu ba, sai biro, in ta ƙare a jefar. Ya ce shi ma ya taɓa mallakar irin wannan, bai san inda ya shiga ba. Ya ce matarsa ce ta san inda komai yake a gida, in ya koma zai tambaye ta.

“Allah ya sa ta tuna,” ta ce.

“Ita? Ai ba ta mantuwa. Ko allura ka jefar bara, sai ta gaya maka lungun da take.”

A waje wata mota ta wuce, wani yana kiran wani da ƙarfi. Babu wanda ya leƙo. Ta zauna tana sauraron muryarsa, ba ta ko motsi, don kada ya katse.

Can sai ya ajiye sandar. Ya matso da zinariyar dab da idonsa, ya daɗe yana juya ta.

“An sha gyara wannan bakin,” ya ce. “Kuma wanda ya gyara ya san aiki, ban ga laifinsa ba. Amma ƙarfe yana gajiya. Kin ga nan?”

Ta sunkuyo. Wani ɗan layi ne kamar gashi, ya taso daga tsagar ya nufi gefe.

“Ya fara tsagewa. Yau zan tayar da shi, zai yi rubutu. Amma in ya ƙara lanƙwashewa ko sau ɗaya, karyewa zai yi, kuma ba ni ba, ko wanda ya ƙera shi ba abin da zai iya. Ki gaya wa maigidan haka.”

“Zan gaya masa.”

Ya daidaita tsinin biyu har suka haɗu, ya mayar da bakin mazauninsa, ya tsoma a tawada. Ya ja layi a kan takarda, ya yi da'ira, ya sake jan layi. Tawada ta bi sumul, ba gargada ba yankewa. Ya rufe murfin ya miƙa mata, ya dube ta ido cikin ido.

“Allah ya kiyaye gaba, baiwar Allah.”

Kafin ta kai ƙofa hannunsa ya koma karkarwa. Ya zuba wa bango ido.

Ta ja ƙofar, ta bi ta baranda ta shiga kicin. 'Yarta tana tsaye tana wanke kofuna, ta juyo.

“Mama, yaya?”

“Ya yi magana sosai yau. Har da dariya.” Ta zauna a kan kujera, alƙalamin yana hannunta. “Amma ya ce in aka ƙara, zai karye.”

'Yar ta kashe famfo. “To gobe fa?”

Uwar ta miƙe. Ta buɗe durowa ta ajiye alƙalamin kusa da 'yar filayar da take lanƙwasa shi da ita kowace safiya, tun da mijinta ya daina gane kowa a gidan nan sai wanda ya kawo masa gyara.