Kujera a Bayan Tirela

Tana sa giyar baya ta hango mahaifinta a madubi. Ya ja kujera ya zauna jikin katanga, daidai inda gindin tirelar zai tsaya, da kofin shayi a hannunsa.

"Baba, ka tashi daga nan."

"Ƙafata ke ciwo," ya ce. "Taho kawai."

Tun da ta fara koyon tuƙi, hannunsa take bi a madubi. Shi ke nuna mata ta karya kan motar hagu in tana son bodin tirelar ya yi dama. Duk ranar da ya sauke hannun, sai ta murƙushe durom ɗin da ya jera. Yau babu durom, babu hannu, sai lungu tsakanin manyan motoci biyu. Gobe kuma gwajin ɗaukar aiki.

Ta saki birki a hankali. Bodin ya fara karkacewa, ta tare shi tun bai yi nisa ba. Tsohon ya ɓace daga madubin. Ta ci gaba da ja da baya, ta tsaya inda jikinta ya ba ta.

Da ta sauko, tsakanin ƙarfen bayan tirelar da gwiwarsa bai fi tafin hannu ba.

"Ba laifi," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Ta karɓi kofin, ta ga wayam. Shayin duk ya ƙare a wandonsa. Amma kujerar ba ta gusa ba.