Masaukan Kawu

Mama da hannunta ta kama kuɗin cizon. Da safe ta kawo shi har bakin mota a naɗe cikin takarda, ta buɗe a gaban Tela. Tela ya dubi ƙwaron, ya dubi surukarsa, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Shi ya jawo wa kansa. Matarsa na can ɗaya ƙarshen ƙasar da tsohon ciki, haihuwar fari, kuma abu ɗaya ta roƙe shi: ya kawo mata uwarta. Mama ba ta hawa jirgi, motar haya kuma bayanta ba ya ɗauka. Tela ya bugi ƙirji ya ce shi zai tuƙo ta da kansa, a hankali, ana yada zango. Ta yarda bisa sharaɗi guda, cewa duk inda rana ta faɗi a sama mata wurin da za ta miƙe bayanta. Dama can ba ta taɓa ganin Tela a matsayin wanda zai iya riƙe mata 'ya ba, shi ma ya san da haka.

Don gudun matsala ya nemi shawarar Kawu, ƙanin mahaifiyarsa. Kawu ya tsufa a kan sitiyarin tirela, ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Da aka tambaye shi masauki, sai da ya gyara zama. Ya zayyano wurare uku, kowanne da kwatancensa, ya ce shi a nan yake barcin da ko a gidansa ba ya samu.

Na farkon ne mai kuɗin cizo. Tela ya koma gefe ya buga waya, cikin ladabi ya ce wurin dai da ɗan gyara.

"Gyara?" in ji Kawu. "Ka ga ƙofar gidan kuwa? Ƙarfe ne zalla. Maigadinsu ko ƙyaftawa ba ya yi. An taɓa muku wani abu?"

Ba a taɓa musu komai ba, ban da jini. Tela ya haɗiye maganar, ya ce wa kansa tsautsayi ne, ba kullum ake kwana a gado ba.

Na biyu daga waje ya burge shi. Fili ne makeke, an shafe shi da siminti sumul, ga fitilu ta kowace kusurwa, ga famfo na zuba, ga mai shayi a bakin ƙofa. Da mai masaukin ya ji sunan Kawu sai ya washe baki, ya tambayi lafiyarsa da ta jar tirelarsa. Amma makullin ɗaki sai da aka sha nema kafin a gano shi. Katifar ta lotsa a tsakiya kamar kwano, fanka kuma sai ƙara ba iska. Washegari Mama ta fito tana dafa bango, ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta iya lanƙwasawa ta shiga mota.

Ranar nan tafiyar kurame aka yi. Da matarsa ta kira tana tambayar ko Mama na jin daɗin hanya, Tela ya ce lafiya ƙalau, Mama kuwa ta juya fuska wajen taga. Haushi ya cika shi fal: haushin Kawu, haushin hanyar da ta ƙi ƙarewa, haushin bakinsa da ya yi alkawari.

Ya so ya nemi wani wurin da kansa. Sai dai sun shiga dogon daji, babu gari sai ƙauyuka jefi-jefi, Kawu kuma ya rantse a waya cewa na ukun ya fi duka. "In ba ka gode mini ba, ka canja mini suna. Da asuba ko ribas ba sai ka yi ba, ka miƙe kawai ka hau titi."

Sun isa da la'asar sakaliya. Katanga doguwa, inuwar bishiyoyi, fili shimfiɗe babu ko rami. Tela ya ji zuciyarsa ta fara sanyi. Aka buɗe musu ɗaki, kaza ta fito a guje. Tsofaffin tayoyi ne jibge a lungu, gadon kuma ƙarafuna ne tsirara da kwali a kai.

Mama ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo.

"Ɗana, gobe ka kai ni tasha mafi kusa, zan koma gida. Ka gaya wa 'yata na yi iya ƙoƙarina."

Tela ya fita tsakiyar filin, ya buga wa Kawu. Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga wa dattijon murya ba sai yau. Ya lissafo masa kuɗin cizo, ya lissafo katifa, ya lissafo kaza da tayoyi. Ya ce matarsa za ta haihu babu uwarta a kusa, surukarsa kuma har abada ba za ta ƙara ganinsa da gashi a ka ba. Ya ce ya faɗa masa tsakani da Allah, ta yaya ɗan Adam zai yi shekaru yana kwana a irin waɗannan ɗakuna har ya yaba wa wani?

Kawu ya yi gyaran murya.

"Ɗakuna? Au, wai ciki kuka shiga? Yaro, ni fa ban taɓa leƙa ɗakinsu ba, wa zai bar kaya a waje? A cikin mota nake kwana."