Shaidar Mai Wanki

Rigar alharini ta yi wa yarinyar yawa, hannun ya rufe mata yatsu. Tsang Kam-fuk ya lura da haka tun shigowarsu.

Shi ne tafintan Baturiyar da gwamnatin Hong Kong ta sa bin gidaje. Doka ta ce duk yarinyar da aka saya don bauta a yi mata rajista. Wadda aka ɓoye, a kai ta gidan marayu. Nan take masu gidaje suka gano dabara, kuyangi suka wayi gari 'ya'yan gida.

"Sau-lan 'yata ce ta cikina," in ji Uwargida Fung. "Sau-lan, zuba wa baƙi shayi."

Da yarinyar ta ɗaga buta, hannun riga ya zame. Shatin bulala, sabo a kan tsoho.

Kam-fuk ya rage murya. "Ƙanwata, ki ce sayenki aka yi, kalma ɗaya kawai. Yau za ki bar gidan nan."

Ta kalli ƙasa. "Mamata ce."

Baturiya ta nemi shaida. Aka kira A-Ngan mai wanki, ta shigo tana goge hannu a zani. Shekara shida ke nan tana gidan, abinci kawai ake ba ta.

"Kina nan aka haifi yarinyar?" Baturiya ta tambaya ta bakin Kam-fuk.

"Ina ɗakin. A hannuna ta fara kuka."

"Za ki rantse?"

A-Ngan ta karɓi rawayar takardar rantsuwa, ta ƙona a gaban allon sunayen kakannin gida. Wannan rantsuwar ko ɗan fashi yana tsoronta.

Baturiya ta rufe littafinta. Kam-fuk ya roƙe ta, ya ambaci shatin bulala. Ta ce uwa tana da ikon dukan 'yarta, kuma saura gida tara.

Sai ya zagaya ta lungun baya, ya tarar da A-Ngan tana shanya.

"Inna, ba ki ji tsoron takardar nan ba? Kin bar ta a hannun mai dukanta."

Ta matse wata 'yar riga mai faci, ta rataye.

"Ban yi ƙarya ba, ɗan nan. Tana shekara huɗu yunwa ta sa na miƙa ta ga Uwargida Fung, har ta manta fuskata. A gidan marayu ba a barin uwa ta shiga. Nan ko, kullum ina ganinta."